f, f(x) da dy/dx: muhawarar malaman lissafi a Zariya

Malamin Tudun Wada:
Assalamu alaikum, malamai da ɗalibai. Akwai maganar da nake son mu baje a nan, domin ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. A ganina rubutun da muke amfani da shi a fankshin da kalkulas bai fayyace abin da yake nufi ba, kuma wani kaso na faɗuwar yaranmu daga nan yake fitowa.

Ku duba. Tun daga JSS muke koya wa yaro cewa in ya ga a(x + 1) ya buɗe baka ya ninka, ya samu ax + a. Ya yi ta yin haka ana ba shi maki. Da ya shigo SS sai mu rubuta masa f(x + 1) mu ce wannan ba ninkawa ba ce. To me ya gani a allo da zai nuna masa bambancin? Can harafi ne da baka, nan ma harafi ne da baka. Shi ya sa za ka ga yaro ya rubuta sin(A + B) = sin A + sin B hankalinsa kwance, don dokar da muka ba shi ita ya bi.

Ga na biyu. sin²x na nufin sin x sau sin x. x⁻¹ na nufin 1/x. Amma sin⁻¹x ba ta nufin 1/sin x, tana nufin kusurwar da sin ɗinta ya ba da x. Wuri ɗaya a saman harafi, ma'ana biyu da ba su haɗa hanya ba. Don Allah ku gaya mini, ɗan shekara 16 ta ina zai gane?

Baba Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. Malam, sannu da ƙoƙari. Amma ni ban ga laifin rubutu ba. Da shi aka karantar da mu, da shi muka karantar, da shi aka karantar da irin su Farfesa Iya Abubakar, wanda lissafi ne fanninsa har ya kai ga shugabancin ABU daga 1975 zuwa 1978. Abin da ya ragu a makarantu shi ne yawan aiki da hannu. Yaron da ya rubuta sin(A + B) = sin A + sin B, ka sa shi ya gwada da A = 30°, B = 60°. Hagu zai ba shi sin 90°, wato 1. Dama zai ba shi 0.5 da 0.866, jimla 1.366. Ka ce ya dubi lambobin nan biyu da kyau. Ba zai sake ba.

Malamin Tudun Wada:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan gwajin ina yi musu, kuma yana aiki. Sai dai mu da ke wannan zauren mu ne waɗanda suka tsallake. Waɗanda rubutun ya kayar ba sa nan balle su ba da shaida, tun SS1 suka tsere zuwa ajin da babu lissafi mai zurfi.

Maman Ummi:
Salam. Ni fiziks nake koyarwa, kuma nawa kukan daban ne. Abu ɗaya, rubutu uku. Malamin lissafi ya rubuta dy/dx, littafinsu ya rubuta f′(x), littafin makanikas ya ɗora ɗigo a kan x. Yarinya ta iya diribatif ɗin x² a darasin lissafi, ta zo wurina na ba ta s = 5t² na ce ta nemo gudu, sai ta tsaya tana kallona, wai babu x babu y. A wurinta kalkulas abu ne da ake yi wa harafin x kaɗai. Ɗigon nan kuwa, in takarda ta sha fotokwafi ba ka bambance shi da datti.

Dakta:
Barkanmu da yamma. Malama, abin da ya sa kike ganin rubutu uku shi ne ba mutum ɗaya ya tsara su ba. Leibniz, Bajamushe, shi ya fito da d da ∫ a rubuce-rubucensa na 1675, ya buga hanyar tasa a 1684. Newton a Ingila ɗigo yake ɗorawa, domin shi motsi ne a ransa, abu yana canzawa da lokaci, shi ya sa har yau a makanikas ɗigon ya fi zama. f(x) da Malam ya fara da ita ta Euler ce, 1734, kusan shekara 60 bayan d ɗin Leibniz. Ɗan karan nan na f′(x) kuma littafin Lagrange na 1797 ne ya yaɗa shi.

Ku lura da wanda ya riga wani. Lokacin da Leibniz ke rubuta dx da dy, ba fankshin yake tunani ba yadda muke fahimtarsa yau. Abubuwa biyu yake gani, x da y, suna canzawa tare a kan lanƙwasasshen layi. Mu kuma muka ɗauko rubutunsa muka gwama da na Euler, mu ce y = f(x), sannan mu rubuta dy/dx, df/dx, f′(x) da y′ a shafi guda ba tare da mun ce komai ba. Tunani iri biyu ne a ƙarƙashin alamomin nan.

Kuma Baba, tare da girmamawa, rubutu yana da tasiri. Saboda rigimar wa ya riga wa tsakanin Newton da Leibniz, Turawan Ingila suka riƙe ɗigon Newton kusan ƙarni guda, alhali masanan Faransa da Jamus da Suwizalan sun yi nisa da d. Sai a 1812 wasu ɗalibai a Kambirij, cikinsu har da Babbage da Herschel da Peacock, suka kafa ƙungiya don a rungumi rubutun Leibniz, suka kuma fassara littafin kalkulas na Lacroix daga Faransanci a 1816. Da rubutu ba komai ba ne da ba su sha wannan wahalar ba.

Shi Herschel ɗin ne ya kawo sin⁻¹ a 1813, kuma a tsarinsa babu saɓani. Lambar da ke sama tana ƙirga sau nawa aka yi aikin. sin²x a wurinsa kamata ya yi ta zama sin(sin x), sin⁻¹ kuma warware aikin. Wadda ta karya tsari ita ce sin²x da muka saba da ita. Amma ita ake buƙata kullum saboda sin²x + cos²x = 1, don haka ta zauna daram.

Malamin Tudun Wada:
Dakta, ai ƙarfafa maganata ka yi. Ashe tun asali haɗe-haɗe ne.

Injiniya:
Ni dai a bar mini dy/dx. Kuna ta lissafa aibunta, ku faɗi alherinta mana. In na rubuta dV/dt ga tankin ruwa, nan take na san amsar lita ce a minti. f′(x) ba za ta gaya mini haka ba. Dokar sarƙa ma da ita ba sai ka haddace ba: dy/dx = dy/du × du/dx, ido da kansa yake kai ka. Rubuta ta da hanyar Lagrange, f′(g(x))g′(x), ka ga yara nawa za su bar g′(x) ɗin ƙarshe a hanya. In tanki yana tsiyaya ta ƙasa, dh/dt = −k√h, in kwashe h gefe guda, t gefe guda, in yi intigireshin, in san lokacin da ruwan zai ƙare. Kullum haka muke aiki, kuma abin da muka lissafa shi muke gani a fili.

'Yar Aji Biyu:
Assalamu alaikum iyayena malamai, ku yi haƙuri in sa baki. Abin da Injiniya ya faɗa shi ne ainihin inda na maƙale. A aji ɗaya na jami'a an ja mana kunne sosai cewa dy/dx ba firakshin ba ce, alama ce guda dunƙulalliya, kada wanda ya raba ta. Da muka shiga aji biyu, a darasin farko na ikweshin masu diribatif sai aka ce mu ninka ɓangarorin biyu da dx. Babu wanda ya ce mana ga abin da ya canza. Ina samun amsa daidai, amma ban san abin da nake yi ba, kuma hakan yana damuna. Wanne ne gaskiya?

Dakta:
'Yata, tambayarki tsohuwa ce, kuma manya sun yi ta kafin ke. A 1734 Berkeley, wani babban limamin coci ɗan Ailan, ya rubuta littafi yana sukar masu kalkulas a kan wannan wurin. Hujjarsa: ƙanƙanin ƙarin nan da kuke rabawa da shi, in ba sifili ba ne, don me kuke zubar da shi a ƙarshe? In kuma sifili ne, ya aka yi kuka raba da shi? An ɗauki kusan ƙarni kafin Cauchy a 1821, da Weierstrass a bayansa, su ɗora kalkulas a kan limit.

Ga amsarki. Δy/Δx firakshin ce ta gaske, lamba a kan lamba. dy/dx ita ce lambar da wannan firakshin ta dosa yayin da Δx ke ƙanƙancewa zuwa sifili. Don haka malaminki na aji ɗaya gaskiya ya faɗa. Amma tunda daga firakshin ta fito, ta gaji wasu halayenta, shi ya sa na aji biyu ma yake samun amsa daidai. Ninkawa da dx gajeriyar hanya ce. In kina da g(y)·dy/dx = h(x), abin da ake yi a zahiri shi ne intigireshin ɗin ɓangarorin biyu a kan x, sannan dokar musanya harafi ta mayar da ∫g(y)(dy/dx)dx zuwa ∫g(y)dy. Hujjar tana nan, tsallake ta ake yi. Akwai kuma hanyar da ake ba dx da dy ma'ana ta kansu, a ce dy = f′(x)dx, za ki tarar da ita a gaba.

Abin da ya kamata a gaya muku shi ne inda gadon ya tsaya. Injiniya, ga wannan. A ce y = x, kuma x = t². In d²y/dx² firakshin ce, to d²y/dt² = d²y/dx² × (dx/dt)², dx² ta soke dx². Tunda y = x miƙaƙƙen layi ne, d²y/dx² sifili ne, sokewa ta ba ka sifili ke nan. Amma y = t², diribatif ɗinsa na biyu 2 ne. Akwai ɓangaren da sokewar ta haɗiye, wato (dy/dx)(d²x/dt²), kuma babu abin da ke cikin rubutun da zai yi maka ishara da shi.

Injiniya:
Dakta, wannan babu injiniyan da zai yi. Kowa ya san a diribatif na farko ake sokewa.

Maman Ummi:
Injiniya, wannan "kowa ya sani" ɗin shi ne matsalar. Wa ya gaya wa 'yar aji biyu? Kuma ko a na farkon ma ba kullum ba. Ɗauki dokar iskar gas, PV = nRT. Nemo ∂P/∂V da ∂V/∂T da ∂T/∂P ka ninka su. Ido zai ce maka komai ya soke saura 1. Lissafa ka gani.

Injiniya:
−nRT/V² sau nR/P sau V/nR ya ba da −nRT/PV, wato −1. Na san wannan, Malama, mun karanta ta a tamodainamiks. Amma ai ke kika rubuta ta a gajarce. Mu a can ba ma rubuta ∂P/∂V haka kawai, sai mun sa ta a baka mun rubuta T a ƙasa, a san zafi ne aka tsayar. A ta farko T aka tsayar, a ta biyu P, a ta uku V. Yanayi uku ne daban-daban, ta yaya za su soke juna? In aka rubuta ta cikakkiya babu ruɗani. Laifin mai gajartawa ne.

Dakta:
Gaskiya ne masu tamodainamiks sun fi mu tsantseni a nan, kuma ina yaba musu. Amma gajeriyar ita ce ke cikin littattafan kalkulas da yaranmu ke karantawa. Ga ƙaramin misali da ba ya buƙatar fiziks. A ce f = x + y. To ∂f/∂x = 1. Yanzu in canza haruffa: u = x, v = x + y. Sai f = v, don haka ∂f/∂u = 0. Alhali u da x abu ɗaya ne, f ma ban taɓa ta ba. Ɗaya ta ce 1, ɗaya ta ce 0. Dalili kuwa, a ta farko y aka tsayar, a ta biyu x + y aka tsayar. Alamar ∂f/∂x tana ambaton abin da ke motsi, ta yi shiru a kan abin da aka tsayar, alhali amsar ta dogara a kansa. A wannan wurin ina tare da Malamin Tudun Wada. Na sha ganin ɗalibai masu ƙwazo sun faɗi a nan, kuma ba rashin karatu ba ne ya kayar da su.

Baba Mai Ritaya:
To na ji. Sai a yi yaya? A tattara littattafan ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke ABU a sake rubuta su? Yaron da ka koya wa wani rubutu naka na daban, ranar WAEC ko JAMB wa zai fassara masa takarda?

Ɗan Kwangila:
Salam manya. Ni manhajar kwamfuta nake rubutawa, kuma sai da na fara Python fankshin ya zauna mini a kai. A can f abu ne, f(3) wani abu ne daban. f shi ne aikin kansa, za ka iya miƙa shi ga wani aikin. f(3) sakamako ne, lamba. In ka rubuta f(x) ba ka gaya wa kwamfuta mene ne x ba, ba za ta yi maka kara ba, tsayawa za ta yi ta ce ba ta san x ba. Mu kuma a aji ana cewa "fankshin f(x)" sai ka ɗauka x ɗin wani yanki ne na sunansa. Ina ganin shi ya sa ɗalibar Maman Ummi ta tsaya da ta ga t.

In kana son fankshin ba tare da ka raɗa masa suna ba, Python na da lambda x: x**2, tunanin da ya samo asali daga aikin Alonzo Church na shekarun 1930. A lissafi ma akwai x ↦ x². In ka rubuta t ↦ t² fankshin ɗaya ne, harafin ba shi da wani muhimmanci. Me zai hana a fara yara da wannan?

Malamin Tudun Wada:
Ƙanina, ka sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ni yadda nake gaya musu shi ne, f injin niƙa ne, x hatsin da ka zuba, f(x) garin da ya fito. Mai cewa "fankshin f(x)" yana nuna gari yana kiransa inji.

Ga inda rashin bambance su ke cin makin yara. An ba da f(x) = x², an ce a nemo diribatif a x = 3. Yaro ya fara sa 3, ya samu 9, ya yi wa 9 diribatif, ya samu sifili. Kuma in ka rubuta d/dx f(3), sifilin ne amsa, babu ƙarya. Abin da ake nema shi ne f′(3) = 6, wanda sai an fara yi wa fankshin diribatif kafin a zuba lamba. A rubutun Leibniz sai ka ja dogon layi a gefen dy/dx ka rubuta x = 3 a ƙasansa kafin ka iya faɗin wannan. A nan, Injiniya, ta Lagrange ta fi taka.

Baba, kibiyar nan kuma ba baƙuwa ba ce. A tsofaffin tambayoyin WAEC za ka ga f: x → 2x + 1. Yaran sun santa, mu ne muke ajiye ta da zarar mun gama babin mafin (mapping) mun shiga kalkulas.

Injiniya:
A kan f′(3) na yarda, ta fi sauƙi. Kowace da inda ta fi kyau. Amma Ɗan Kwangila, kada ka ɗauka kwamfuta ta tsira. Buɗe Excel ka rubuta =-3^2, zai ba ka 9. Rubuta -3**2 a Python, za ta ba ka −9. LOG a Excel, in ba ka faɗi bes ba, 10 yake ɗauka kamar teburin log na sakandare. math.log a Python kuma ln ce, wato log mai bes e. Mutum ya kwafi fomula daga wannan ya kai wancan, lissafin ƙarfen gini ya karkace bai sani ba. Wannan ya fi ba ni tsoro fiye da sin⁻¹.

Ɗan Kwangila:
Haka ne Yaya. Amma kowanne ƙa'idarsa a rubuce take, za ka iya buɗewa ka karanta, kuma gobe ma amsa ɗaya zai ba ka. A aji ƙa'idar tana cikin kan malami. Log a wurin malamin kemistiri bes 10 ce, a wurin wasu malaman lissafi na jami'a ln ce, kuma ba kowa ke faɗa ba.

Malam Na Ƙofar Doka:
Assalamu alaikum. Ni ba ɗan boko ba ne sosai, ɗana ne ya sa ni a zauren nan saboda lissafin gado, amma ina bin maganarku. Ina son in tuna muku cewa Alkhawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, ko alama ɗaya bai yi amfani da ita ba. Da jimloli yake rubutawa. Abin da ku za ku rubuta x² + 10x = 39, shi zayyana shi yake yi da magana, ya bi da kai mataki-mataki har ka iso 3. Babban ɓangare na littafin ma a kan wasiyya da gado ne. Har yau mu a cikin birni haka muke rabon gado: sulusin me, sudusin me, bayan an cire me. Ba za ka ce sulusi ka yi shiru ba, sai magada sun tambaye ka, na dukan dukiya ko na abin da ya rage? Mas'alar miji da uwa da uba ma a kan wannan bambancin take. Da na karanta abin da Dakta ya rubuta na tsayar da y ko tsayar da x + y, sai na ga kamar irin tambayar ce.

Dakta:
Allah ya gafarta Malam, ita ce. Sai dai kalkulas ba za ta rubutu da jimloli ba, dokar sarƙa kaɗai sai ta ci rabin shafi. Alama dole ce. Abin da nake kira a kai shi ne, wanda ya san abin da alama ta bari bai faɗa ba, ya faɗe shi da baki a gaban aji.

Baba Mai Ritaya:
Wannan ai ita ce maganata tun farko. Koyarwa ce.

Malamin Tudun Wada:
Baba, da ɗan bambanci. Kai ka ce yaro ya yawaita aiki har ya saba. Ni ina cewa malami ya fito fili ya gaya wa yaro: wannan alamar tana da ma'ana biyu, ba kai ne ka kasa ganewa ba. Yaron da aka ce masa lissafi ba ya saɓa wa kansa, ya zo ya ga sin² da sin⁻¹, kansa zai zarga. In ya ji daga bakin malami cewa gadon tarihi ne, sai ya kiyaye wurin ya wuce. Ni zangon nan da arcsin zan fara musu, in sun zauna a kai sannan in nuna musu sin⁻¹.

Maman Ummi:
Ka dai nuna musu da wuri, Malam. Madannin kalkuletar Casio da ke hannunsu sin⁻¹ aka rubuta a kai, ba arcsin ba. Ka sa su danna sin⁻¹ 0.5 su ga 30, sannan su lissafa 1 ÷ sin 30 su ga 2, su rubuta biyun a gefe guda a littafi. Kuma ina roƙon malaman lissafi, don Allah ku riƙa canza haruffa. Yau y da x, gobe s da t, jibi V da r. In kun yi haka rabin wahalata ta ƙare.

Baba Mai Ritaya:
Canza haruffa na goyi baya. Arcsin ɗin ne ban gamsu ba. Ka ƙara wa yaro suna na biyu a kan abin da bai riƙe na farkonsa ba.

'Yar Aji Biyu:
Na gode ƙwarai Dakta, yau na fahimci inda dx ɗin take zuwa. Ga wata kuma da ake ta yawo da ita a ajinmu, mun kasa gano inda ta karkace. ∫(1/x)dx, a yi ta da dokar ɓangare-ɓangare. A ɗauki u = 1/x, dv = dx. Sai du = −(1/x²)dx, v = x. Ya zama ∫(1/x)dx = 1 + ∫(1/x)dx. In aka ɗebe intigiral ɗin daga kowane gefe, saura 0 = 1.

Injiniya:
Sa mata iyaka ki gani, 'yata. Daga 1 zuwa 2. Wancan 1 ɗin shi ne uv, in kika lissafa shi a sama kika ɗebe na ƙasa, 1 − 1 ne, sifili. Magana ta ƙare. Mu shi ya sa ba ma barin intigiral babu iyaka.

Dakta:
Ta Injiniya daidai ce, amma ba ta nuna miki inda aka zame ba. Duk matakanki daidai ne har zuwa layin da ke kafin na ƙarshe. Zamewar tana wurin ɗebewa. ∫(1/x)dx mara iyaka ba fankshin ɗaya ba ne, dukan fankshin ɗin da diribatif ɗinsu ya ba da 1/x ne a dunƙule. Alamar = a wannan layin tana cewa tarin hagu da tarin dama ɗaya ne, kuma haka ne, domin in kika ƙara 1 a kan kowane ɗan tarin, cikin tarin zai sake faɗawa. Amma ba za ki ɗebe tari daga tari kamar lamba ki ce saura sifili ba. Abin da zai rage shi ne wata tsayayyiyar lamba, C. Rubutun bai nuna miki cewa = ɗin nan ta bambanta da ta 2 + 3 = 5 ba.

Tunda kin kawo 1/x, ki riƙe wannan ma. Amsar da littafi ke bayarwa, ln|x| + C, ita ma a gajarce take. 1/x ba ta da ƙima a x = 0, don haka layinta yanki biyu ne da ba su taɓa juna ba. C ɗin gefen dama ba dole ne ya zama na gefen hagu ba. Ɗauki ln x + 5 in x ya fi sifili, da ln(−x) − 2 in x bai kai sifili ba, ki yi wa kowanne diribatif. Duka 1/x za su ba ki.

'Yar Aji Biyu:
Na gwada yanzu, duka biyun 1/x ne. To Dakta, a jarrabawa wanne zan rubuta?

Dakta:
Ki rubuta ln|x| + C, ita ce ke cikin takardar makin. In akwai wuri, ki ƙara layi ɗaya a ƙasa ki ce a kan x da ya fi sifili kike aiki ko a kan x da bai kai sifili ba.